Bubbuga jiki da yatsu don maganin damuwa: me ke aiki a cikinsa?

Wanda ya saba leƙa TikTok ko YouTube, da wuya a ce bai taɓa cin karo da su ba. Mutum ne zaune gaban kyamara, ya haɗe yatsu biyu yana bubbuga tsakar kansa, ya sauko gira, ya koma gefen ido, ƙasan hanci, haɓa, har hammata, bakinsa kuma bai daina motsi ba. In ya gama sai ya ja dogon numfashi ya ce nauyin da ke ƙirjinsa ya sauka. Sunan abin EFT, taƙaicen Emotional Freedom Techniques, wato dabarun 'yantar da zuciya daga damuwa. Masu yin sa na cewa yana maganin fargaba, tsoro, rashin barci, ciwon kai, kwaɗayin taba da na abinci. Wasu ma sun zarce, sun ce har talauci yana korewa.

Tambayoyin da ake yi a kansa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Yaya ake yi? Daga ina ya fito? Da gaske yana aiki? Yana da illa? Addini ya yarda? Zan iya ajiye maganin asibiti in kama shi? Yawancinsu amsarsu gajeriya ce. Ta ukun ce mai wuyar sha'ani, domin mutane na samun sauƙi da gaske, amma dalilin da ake ba su na wannan sauƙin bai tsaya da ƙafarsa ba.

Yadda ake yin sa

A ɗauka mutum yana da ganawar neman aiki gobe da safe, tun la'asar cikinsa ya ɗuri ruwa. Abu na farko shi ne ya ware damuwa guda ɗaya tak, ya kira ta da sunanta. "Duniya ta dame ni" ya yi faɗi da yawa, abin da ake so shi ne irin "ina tsoron a jefo mini tambaya bakina ya mutu." Sai ya auna zafinta da kansa daga 0 zuwa 10, inda 0 ke nufin hankali kwance, 10 kuma abu ya kai maƙura. A ce ya ba ta 8.

Daga nan sai ya riƙa bubbuga gefen tafin hannunsa, wajen naman da ke ƙasan ƙaramin yatsa, yana maimaita magana ɗaya sau uku: "Duk da wannan tsoron da nake ji na ganawar gobe, na yarda da kaina, na karɓi kaina yadda nake." Sannan ya bi gurabe takwas ɗaya bayan ɗaya: tsakar kai, farkon gira ta wajen hanci, ƙashin gefen ido, ƙashin ƙasan ido, tsakanin hanci da leɓe, lotsawar da ke saman haɓa, ɗan ƙasa da ƙashin wuya, sai kamar faɗin tafin hannu ƙasa da hammata. Kowane gurbi bugu biyar zuwa bakwai ne, da manuni da yatsan tsakiya, a hankali, yana faɗin 'yar tunatarwa: "wannan tsoron." Zagaye ɗaya ba ya wuce minti biyu. In ya gama ya sake aunawa. In 8 ta sauko 5, ya sake zagayowa, har ta yi ƙasa sosai ko ya gaji.

Iyakar abin ke nan. Babu allura, babu abin sha, babu na'ura. Ma'aunin nan na lambobi ma aro ne daga Joseph Wolpe, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Afirka ta Kudu, wanda ya fito da shi tun shekarun 1960, kuma asibitoci na amfani da shi ba tare da wata bubbugawa ba. A riƙe sunan Wolpe, za mu sake komowa kansa.

Tsohon maganin Sinawa ne?

Haka ake yawan tallata shi, amma abin da aka ɗauko daga Sin taswira ce kawai. A likitancin gargajiyar Sinawa an yi imani akwai wani ƙarfi da ake kira "chi" mai gudana cikin jiki ta manyan hanyoyi 12, kuma a kan hanyoyin nan masu tsira allura ke soka allurarsu. Ita bubbugawar a Kaliforniya ta Amurka aka haife ta, kuma ba ta cika shekara 50 ba.

Wajen 1980, wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Roger Callahan yana fama da wata mara lafiya da ya kira Mary a rubuce-rubucensa. Tsoron ruwa ne da ita tun tana yarinya, irin wanda ko ruwan sama aka fara sai hankalinta ya tashi. Ya shafe fiye da shekara yana gwada hanyoyin da ya koya a jami'a, ci gaban kaɗan ne. Wata rana suna zaune kusa da wurin ninƙaya na gidansa, ta ce masa a cikinta take jin tsoron. Shi kuwa a lokacin yana karance-karance kan hanyoyin chi, ya tuna an ce hanyar tumbi ta bi ta ƙasan ido. Ya ce ta bubbuga wurin. A faɗarsa, nan take ta ce tsoron ya tafi, ta ruga bakin ruwan ta riƙa watsa wa fuskarta. Labari ne mai daɗin ji, kuma duk wani littafin EFT sai ya kawo shi. Abin lura shi ne daga bakin Callahan aka ji shi, kuma mace ɗaya ce wadda ta riga ta yi shekara guda ana koya mata kusantar ruwa.

A kan wannan ya gina hanyar bubbugawar da ya sa wa suna Thought Field Therapy, TFT a taƙaice. Ya ce kowace matsala da jerin gurabenta, kuma bin jerin daki-daki wajibi ne: na tsoro daban, na fushi daban, na jaraba daban. Daga baya ya fito da wani mataki da ya kira Voice Technology, wai ta sauraron muryar mutum a waya zai gano jerin da ya dace da shi. Kuɗin koyon wannan sirri a lokacin dala 100,000 ne, tare da alkawarin ba za ka faɗa wa kowa ba. A 1998 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta tuhume shi kan wani tallan talabijin da ya ce hanyarsa na raba mutum da jaraba, aka daidaita ya biya dala 50,000.

Cikin waɗanda suka biya kuɗin koyo akwai Gary Craig, injiniyan da ya yi karatu a jami'ar Stanford. Ba likita ba ne, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Tunaninsa na injiniya ya ce masa: tunda guraben ba su da yawa, me zai hana a bi su duka a kowane lokaci, a huta da binciken wane jeri ya dace da wa? A 1995 ya fitar da EFT a kan wannan tsari, daga baya ya sa littafin koyarwarsa a intanet kyauta. Wannan kyautar ce ta sa EFT ya cika duniya, TFT ya zama ɗan kallo. Craig ya ce tushen duk wani mummunan ji shi ne tangarɗa a tsarin ƙarfin jiki, takensa kuma shi ne a gwada shi a kan komai.

Tun a nan mai lura zai ga wani abu. Malami ya ce jeri shi ne ran maganin. Almajiri ya watsar da jerin, ya kuma ce sakamako bai canja ba. Dole ɗayansu bai fahimci abin da ke aiki ba, ko kuma su duka biyun.

To, yana aiki?

In abin da ake nufi shi ne ko mutane na cewa sun ji sauƙi bayan sun yi, amsar e ce, kuma an rubuta hakan a bincike da dama. A 2003 Steve Wells da abokan aikinsa a Ostareliya suka gwada shi kan mutane 35 masu tsananin tsoron ƙananan halittu irin su gizo-gizo da ɓera. Zama ɗaya na minti 30 ya sa waɗanda suka yi EFT sun fi iya matsawa kusa da abin da suke tsoro, fiye da waɗanda aka koya wa jan numfashi kawai. A 2012 Dawson Church ya auna sinadarin kotizol, wanda jiki ke fitarwa lokacin tashin hankali, a yawun mutane 83. Na waɗanda suka yi bubbugawa na awa guda ya sauka da kusan kashi 24 cikin 100, na sauran rukunoni biyu da ba su bubbuga ba kuma da kusan kashi 14. A 2013 ya sake wani kan tsofaffin sojojin Amurka 59 masu ciwon firgicin bayan yaƙi: bayan zama shida, kashi 90 cikin 100 sun fita daga ma'aunin ciwon, alhali cikin waɗanda aka bari a layin jira kashi 4 ne kawai. A 2016 kuma aka tattara gwaje-gwaje 14 kan fargaba, masu ɗauke da mutane 658, aka ga raguwa mai yawa.

Waɗannan lambobi su ake liƙawa a talla, kuma ba ƙarya ba ne. Sai dai a duba yadda aka same su. Yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne. A da yawa daga ciki an kwatanta bubbugawa da zaman jira ne, wato da rashin yin komai, kuma kusan duk wata kulawa da za a ba mai damuwa za ta fi a bar shi haka nan. Sakamakon kuma galibi daga bakin mara lafiya yake fitowa, yana gaban mutumin da ya ɓata lokacinsa a kansa, an kuma tambaye shi sau uku ko huɗu, "yanzu nawa ne?" Kunya kaɗai ta isa ta sauko da 8 zuwa 6. Sannan akwai batun su wane ne masu binciken. Church, wanda sunansa ke kan kaso mai tsoka na waɗannan takardu, yana da kamfanin horar da masu EFT, shi ne kuma ya kafa mujallar da ta buga da yawa daga cikinsu. Wannan bai mai da shi maƙaryaci ba, amma a kimiyya ana son wanda ba shi da riba a ciki ya maimaita gwaji kafin a sa hannu.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: guraben nan takwas, su ne ke yin aikin? Nan ne gizo ke saƙa, kuma gwaje-gwaje biyu sun taɓa wurin kai tsaye.

Na farko a Kanada aka yi shi, aka buga a 2003. Wendy Waite da Mark Holder suka raba ɗaliban jami'a 119 masu tsoro iri-iri gida huɗu. Rukuni ɗaya ya bubbuga guraben EFT na ainihi. Na biyu ya bubbuga wasu wurare a hannu waɗanda ba sa cikin tsarin. Na uku bai taɓa jikinsa ba sam, 'yar tsana aka ba kowa ya bubbuga mata. Na huɗu aka sa su naɗe takarda suna yin abin wasa. Rukunoni ukun farko duk tsoronsu ya ragu, kuma raguwar kusan ɗaya ce. Mai bubbuga 'yar tsana ya samu abin da mai bubbuga fuskarsa ya samu.

Magoya bayan EFT suka ce ai a kan yatsu ma akwai guraben chi, don haka ko me ka bubbuga ka taɓa hanya. To in haka ne, taswirar ba ta da amfani, tunda tebur ma ya wadatar. Kuma da'awar da duk yadda gwaji ya fito sai ta ce ita ce ta ci, ta fita daga abin da ake iya gwadawa.

Na biyu ya fi ban sha'awa saboda wadda ta yi shi. Monica Pignotti tana cikin manyan almajiran Callahan, ta koyi sirrin muryar nan mai tsada, ta yi shekaru tana kare shi a bainar jama'a. Sai ta yanke shawarar gwadawa da kanta. Ta ɗauki mutane 66, rabi ta ba su jerin da aka ciro ta hanyar sirrin, rabi ta ba su jerin da aka haɗa da ka, babu wani tsari, ba tare da sun sani ba. A kowane ɓangare kashi 97 cikin 100 suka ce damuwarsu ta gushe. Ta buga sakamakon a 2005, ta bar tafiyar, ta koma cikin masu sukarta. A ganina wannan mata ta yi wa masu bubbugawa hidimar da babu wani mai talla da ya yi musu.

An cire jeri, sauƙi bai tafi ba. An cire gurabe, bai tafi ba. An cire jikin mutum gaba ɗaya an kawo 'yar tsana, yana nan. Church da abokansa sun tattara wasu ƙananan gwaje-gwaje a 2018 suka ce sun nuna guraben na da tasiri, amma Glen Spielmans da Gerald Rosen suka bi lissafin suka fito da kurakurai a ciki, kuma muhawarar ba ta ƙare da nasarar masu gurabe ba. Su kansu hanyoyin chi, masu ilimin sassan jiki ba su taɓa ganin su ba, ko a fiɗa ko a na'ura.

Shi ya sa hukumomin lafiya ke taka-tsantsan. NICE, hukumar da ke tsara wa asibitocin Ingila irin maganin da za su bayar, ta duba EFT a ƙa'idojinta na 2018 kan ciwon firgici. Ba ta sa shi cikin magungunan da ta amince da su ba, amma ba ta yi watsi da shi ba: ta ce a ƙara bincike. Wani ƙaramin gwaji a Sikotilan a 2011, mai mutane 46, ya nuna EFT ya yi kafaɗa da kafaɗa da wata hanyar da ake kira EMDR, wadda ake tuno abin firgici ana motsa ido dama da hagu, sai dai da yawa sun daina zuwa kafin a kammala. Ita EMDR ɗin ana yawan rikita ta da EFT, musamman tun 2021 da aka nuno Yarima Harry na Ingila a talabijin ya harɗe hannuwa a ƙirji yana bubbuga kafaɗunsa. Wancan EMDR ne, hanyar da Francine Shapiro ta fito da ita a ƙarshen shekarun 1980, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2013, kuma ƙwararre ne ke jagorantar ta.

Daga ina sauƙin ke zuwa?

A cire maganar chi a ajiye gefe, a dubi abin da mutumin nan mai ganawar gobe ya yi. Ya daina gudun tsoronsa, ya zauna ya fuskance shi da gangan, yana maimaita shi har minti goma a wuri mai aminci. Wannan shi ne ginshiƙin maganin tsoro mafi ƙarfin hujja da ake da shi, kuma Wolpe na cikin waɗanda suka kafa shi tun 1958: ka kusanci abin da kake tsoro kaɗan-kaɗan jikinka na sake, har ƙwaƙwalwa ta koyi cewa babu abin da zai faru. Ya kuma sa wa damuwar suna. A 2007 Matthew Lieberman na jami'ar UCLA ya nuna da hoton ƙwaƙwalwa cewa ambaton abin da ake ji da kalmomi na rage zafin sashen da ke tayar da tsoro. Ya yi wa kansa magana mai taushi, shi da ya wuni yana zagin kansa. Numfashinsa ya daidaita. Hankalinsa ya rabu biyu, rabi kan tsoron, rabi kan ƙirga gurabe, don haka hoton da ke ransa ya dusashe. Sannan ya shiga da tsammanin zai ji sauƙi, kuma tsammani kansa na rage zafi, kamar yadda aka daɗe da sani daga gwajin ƙwayar da babu magani a cikinta.

Ita taɓawar ma ba banza ba ce. Duk uwar da ta taɓa goya jariri mai kuka ta mai da hannu baya tana bubbuga shi a hankali ta san bugu mai tsari na kwantar da jiki, kuma ba ta nemi wani gurbi na musamman ba.

Saboda haka in wani ya ce mini ya yi ya ji daɗi, ba na ce masa ruɗi ne. Ya ji daɗin da gaske. Ƙarfin EFT a wurina shi ne ya ɗauko abubuwa masu amfani ya ƙulle su cikin ɗan tsari mai sauƙin tunawa, wanda mutum zai yi shi kaɗai a ɗaki ƙarfe biyun dare. Mai fargaba in aka ce masa "kwantar da hankalinka" ba a ba shi komai ba. In aka ba hannunsa aiki da bakinsa abin faɗa, an ba shi abin kamawa.

Illa, da batun ajiye magani

Bugun kansa ba ya cutarwa, in dai an yi a hankali, an kauce wa ƙwayar ido da wurin da ke da rauni ko kumburi. Haɗarin yana wurare biyu ne.

Na farko shi ne tono abin da ya fi ƙarfin mutum. Fargabar jarrabawa daban, abin da wanda aka yi garkuwa da shi, ko aka yi wa fyaɗe, ko aka kashe nasa a gabansa ke ɗauke da shi daban. Tsarin na buƙatar a tuno abin a riƙe shi a rai, kuma mai irin wannan rauni in ya buɗe shi shi kaɗai gaban waya, yana iya faɗawa cikin firgicin da ba zai iya fita ba, ya kwana yana ganin abin kamar yanzu yake faruwa. Gaskiya ne an kai bubbugawa wuraren da aka yi bala'i. A Ruwanda an gwada TFT kan marayu 50 na kisan ƙare-dangin 1994, aka ba da rahoton sauƙi sosai, ko da yake babu rukunin kwatanci a gwajin. Amma a can ma akwai masu horo a zaune tare da yaran. Bidiyo ba ya ganin fuskar mai kallo, balle ya san lokacin da ya kamata a tsaya.

Na biyu ya fi muni, wato taken nan na "gwada shi a kan komai." A 2006 gidan rediyon NPR na Amurka ya ruwaito Callahan yana cewa hanyarsa na iya maganin zazzaɓin cizon sauro cikin kamar minti 15. Duk wanda ya taɓa ganin yaro na suma saboda zazzaɓi ya san nauyin wannan magana. Ƙwayar maleriya a cikin jini take, kuma babu yawan bugun goshi da zai kashe ta. Haka ciwon suga, hawan jini, sikila, farfaɗiya, tarin fuka, ciwon daji. Mai ɗaya daga cikinsu na iya bubbugawa don rage zullumin da ciwon ke jawo masa, ko don ya samu barci, kuma wannan ne ma'anar a ce abu na taimako ne. Amma ƙwayarsa da allurarsa suna nan daram. Wanda ke shan maganin ƙwaƙwalwa kuwa, yanke shi rana ɗaya na iya dawo da ciwon da ƙarfi fiye da da. Likitan da ya rubuta shi ne ke rage shi.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta samo asali tun daga Callahan: in abin bai yi aiki ba, laifin na mara lafiya ne. Ko a ce ƙarfin jikinsa ya juya baya yana yaƙar warakarsa, ko a ce wani abinci da ya ci ko turaren da ya shafa ne ya toshe hanya. Mai ciwon damuwa dama ya saba ɗora wa kansa laifi, sai a ƙara masa wani. In an yi mako biyu ko uku babu canji, abin ne bai yi ba.

Na san dalilin da ya sa irin wannan ke samun kasuwa a wurinmu. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutane sama da miliyan 200, ga kuma tsangwamar da ke bin wanda aka gani a ƙofarsu. Duk da haka akwai alamomin da ba a yi musu jinkiri: tunanin kashe kai, jin muryoyin da wasu ba sa ji, kwanaki babu barci, kasa cin abinci ko fita aiki, matar da ta haihu ta kasa kula da jaririnta. Waɗannan na asibiti ne, kamar na Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, ko sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa mafi kusa.

Addini fa?

Hukunci na malamai ne, amma yana da kyau mai tambaya ya kai musu hoton abin daidai, domin abubuwa uku ne a cakuɗe. Akwai aikin kansa: taɓa fuska da ƙirji da ambaton damuwa, babu kiran wani, babu laya, babu surkulle. Akwai bayanin chi, wanda ya fito daga falsafar Sinawa, kuma kamar yadda aka gani ana samun sauƙin ba tare da an gaskata shi ba. Sai na uku, abin da wasu masu koyarwa ke ɗorawa a kai, irin su roƙon "sararin samaniya" ya turo dukiya, ko cewa tunaninka ne ke halitta maka ƙaddara. Wannan ya shafi aƙida kai tsaye, ga Musulmi da Kirista duka, kuma ba ya cikin ainihin tsarin. A Indunusiya, Ahmad Faiz Zainuddin ya fito da wani salo mai suna SEFT, inda aka mai da maganar farko addu'a: mutum ya ce ya Allah, duk da wannan ciwo, na karɓa da ikhlasi, na miƙa lamarina gare Ka. Wanda maganar "na karɓi kaina" ba ta kwanta masa ba, yana iya sauya ta da abin da zuciyarsa ta yarda da shi.

Sai na biya kuɗi?

Don ƙananan damuwa na yau da kullum, a'a. Abin da aka bayyana a sama shi ne jigon, kuma tun zamanin Craig kyauta yake a intanet. Takardar shaidar EFT ƙungiyoyi masu zaman kansu ne ke bayar da ita, wasu bayan horo mai ɗan tsawo, wasu bayan kwas na kwana biyu. Ba lasisin gwamnati ba ce, kuma ba ta mai da mai ita likita ko masanin halayyar ɗan Adam. Wanda zai je wurin wani, ya tambaye shi wane karatun lafiya ya yi kafin wannan, me yake yi in mutum ya rikice a gabansa, wane asibiti yake tura wanda ya fi ƙarfinsa. Mai gaskiya zai amsa ba tare da ɓacin rai ba. In kuwa ya yi alkawarin waraka a zama ɗaya, ko ya ce akwai wani mataki na sirri da sai an ƙara kuɗi, ko ya ce a ajiye maganin likita, a ɗauki takalmi a bar masa wurin.